Janet Rowley: likitar da ta gano tushen sankarar jini a cikin kuromosom

Janet Davison Rowley likita ce 'yar ƙasar Amurka, masaniyar ilimin gadon halitta, wadda ta shafe fiye da shekara hamsin tana bincike a Jami'ar Shikago. Ita ce ta fara nuna cewa wasu nau'o'in sankarar jini suna tafiya ne da wata ɓarna takamaimai a cikin kuromosom, inda gutsuren wani kuromosom ke ɓallewa ya je ya manne a jikin wani. Wannan binciken ya sauya yadda likitoci ke tantance cutar, daga baya kuma ya buɗe hanyar samar da magungunan da ke kai hari kan tushenta kai tsaye.

An haife ta a birnin Niyok ranar 5 ga Afrilu, 1925. Ta shiga Jami'ar Shikago tana da shekara 15, ta kuma kammala karatun likita a 1948. Sai da ta jira shekara guda kafin a karɓe ta a makarantar likitanci, domin 'yan guraben da aka ware wa mata sun riga sun cika. Ta auri Donald Rowley, shi ma likita, suka haifi 'ya'ya maza huɗu, ta kuma daɗe tana aikin 'yan kwanaki a mako saboda renonsu. Aikin da ta yi a wani asibitin yara masu tawayar ƙwaƙwalwa ne ya ja hankalinta ga kuromosom. A 1961 ta bi mijinta zuwa Oksfod a Ingila, inda ta koyi yadda ake nazarinsa.

Kuromosom wasu zarurruka ne da ke cikin ƙwayoyin halittar jiki, kuma a kansu ne ƙwayoyin gado suke jere. Ɗan Adam yana da guda 46, bibbiyu har gida 23, kowane gida da lambarsa. Ita kuwa sankarar jini tana farawa ne a ɓargo, inda fararen ƙwayoyin jini marasa kyau ke hayayyafa babu ƙaƙƙautawa har su danne masu lafiya.

Tun 1914 masanin nan Bajamushe Theodor Boveri ya yi hasashen cewa lalacewar kuromosom ce ke haddasa sankara, amma babu kayan aikin da za a tabbatar da hakan a zamaninsa. Da masu bincike suka fara duba ƙwayoyin sankara a madubin likita, sai suka ga kuromosom ɗinsu a hargitse, wasu sun ɓace, wasu sun ƙaru. Galibinsu suka ɗauka cewa hargitsin sakamakon cutar ne, kamar tarkacen da gobara ke bari. Abu ɗaya ne ya saɓa wa wannan fahimta. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford sun ga wani gajeren kuromosom a jinin masu nau'in sankarar da ake taƙaita sunansa da CML, aka raɗa masa sunan birninsu, Filadelfiya. An ɗauka cewa gutsurensa ya ɓata ne kawai.

Matsalar ita ce a wancan lokaci kuromosom da yawa kamarsu ɗaya a ido, sai dai a rarrabe su da tsawo. Wajen 1970 masu bincike a Suwidin suka samo wani rini da ke fito da zane-zane a jikin kowanne, ta yadda za a iya shaida shi ko da gutsurensa ne. Rowley ta koyi wannan dabara a zamanta na biyu a Oksfod, ta koma Shikago da ita. Takan ɗauki hotunan kuromosom na marasa lafiya, ta yayyanka su da almakashi, ta jera su bibbiyu a kan teburin cin abinci na gidanta.

A kan wannan teburin ne, a 1972, ta lura cewa a jinin wani mai sankarar jini mai saurin tsananta, nau'in AML, kuromosom na 8 da na 21 sun yi musayar gutsure. Mujallar New England Journal of Medicine ta ƙi buga rahoton, sai wata mujallar Faransa mai suna Annales de Génétique ta buga shi. Cikin 'yan watanni ta warware sirrin kuromosom ɗin Filadelfiya: gutsuren da ya bar na 22 yana nan maƙale a ƙarshen na 9. Mujallar Nature ta buga wannan a 1973. Duk da haka masana da dama sun ci gaba da ja. Abin da ya kashe bakin gardamar shi ne musaya ta uku da ta bayyana a 1977, tsakanin na 15 da na 17, a nau'in APL. Cuta uku daban-daban, kowacce da nata tabon da ke maimaita kansa a jinin mutanen da ba su haɗa komai ba, ya wuce a kira shi dace.

Amfanin binciken ya fito ne daga inda ya nuna wa na baya su haƙa. Idan kuromosom yana karyewa a wuri guda kullum, to lalle akwai muhimmiyar ƙwayar gado a wurin. A shekarun 1980 aka gano cewa musayar 9 da 22 tana haɗe ƙwayoyin gado biyu, ABL da BCR, su zama ɗaya, wadda ke samar da wani furotin da ke umartar ƙwayar jini ta yi ta rabuwa ba hutu. Brian Druker da Nicholas Lydon da abokan aikinsu suka gwada wani sinadari da ke toshe wannan furotin, wato imatinib, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2001. Kafin zuwansa, matsakaicin abin da mai CML ke rayuwa bayan gano cutar shekara uku ne zuwa biyar, sai fa wanda ya samu dashen ɓargo. Babban gwajin da aka bi diddiginsa ya nuna kimanin kashi 83 cikin 100 na masu shan maganin suna raye bayan shekara goma.

Haka labarin APL. Likitocin ƙasar Sin ne suka fara ganin tasirin wani sinadari dangin bitamin A, da kuma asinik, a kan cutar, daga baya aka fahimci cewa duka biyun suna aiki ne a kan furotin ɗin da musayar 15 da 17 ke haifarwa. Cutar da kan kashe mutum cikin makonni ta zubar jini, yau tana cikin nau'o'in da aka fi warkarwa. Ɗakin binciken Rowley kuma yana cikin waɗanda suka gano ƙwayar gadon MLL a farkon shekarun 1990, wadda ke da hannu a sankarar jinin jarirai.

Ta samu lambar Lasker a 1998 tare da Nowell da Alfred Knudson, da lambar 'yanci ta shugaban Amurka a 2009, sannan lambar Jafan a 2012 tare da Druker da Lydon. Nobel dai ba ta zo mata ba, kuma da wuya a ce aikin bai kai ba. Ta rasu a Shikago ranar 17 ga Disamba, 2013, tana da shekara 88, sakamakon sankarar ƙwan mace.

A Nijeriya, masu CML da yawa sun samu imatinib kyauta ta wani shirin tallafi na duniya da aka gudanar ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Sharaɗin shiga shirin shi ne gwaji ya tabbatar da kuromosom ɗin Filadelfiya, ko haɗakar BCR da ABL, a jinin marar lafiya ko ɓargonsa.