Ɗaki Bayan Ɗaki: Ginin Zangon Kumasi da Rufin da Aka Gada

Duk wanda ya bi lungunan Aboabo ko Asawase ko Sabon Zango a Kumasi zai ga gida da rodi ya leƙo sama yana jiran bene, da bulo jibge a bakin ƙofa har gansakuka ta rufe shi, da sabon ɗaki manne da bangon jar ƙasa wanda ya girmi mai ɗakin. Masu tsara birane kan kira wannan rashin tsari. Ni kuwa ina ganin tsari ne mai tushe, wanda fatauci ya haifa, zaman baƙunta ya raina, kuma shi ne hanyar da wutar sola za ta bi in har za ta zauna a Zango da gindinta.

Musulmi sun daɗe a Kumasi, domin Turawan Ingila Bowdich da ya zo a 1817 da Dupuis a 1820 duk sun tarar da malamai a kusa da fadar Asantehene, sarkin Asante. Amma babbar kasuwar goro a wancan zamani tana Salaga, can ayarin Kano da Katsina ke sauke kanwa da tufafi su ɗauki goro. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake, Turawan Ingila suka mamaye Kumasi a 1896, aka gama yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, jirgin ƙasa daga Sekondi ya iso a 1903. Daga nan Hausawa da Mosawa da Wangarawa da Yarabawa suka yi ta kwararowa. Abin lura shi ne gidan farko na Zango masauki ne kafin ya zama gidan iyali. Mai gida shi ke saukar da baƙo, ya adana masa huhunan goro, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa in ciniki ya rikice. Yawan ɗakunansa shi ne yawan baƙinsa, yawan baƙinsa kuwa shi ne girmansa a kasuwa. Saboda haka ribar bana takan zama ɗakin baɗi, a ja shi a jikin katanga, ƙofarsa na kallon tsakar gida, har ɗakuna su kewaye filin su bar zaure ɗaya na shiga da fita. Ba wanda ya zauna ya zana gidan gaba ɗaya, amma kowa ya san inda ɗaki na gaba zai tsaya.

Za a ce wannan gini ya jawo cunkoso da cuta, kuma maganar ba ƙarya ba ce. Annobar ɓeraye ta 1924 ta yi ɓarna a Kumasi, hukumar Turawa ta rusa gidaje a tsohon Zango, aka buɗe Sabon Zango da layuka miƙaƙƙu. A shekarun 1940 aka gina rukunin gidajen Asawase, lokacin da masu zanen gini Maxwell Fry da Jane Drew suka zana wa birnin taswira. Sai dai a duba abin da ya biyo baya: gidajen da gwamnati ta miƙa a kammale, mazaunansu sun ci gaba da ƙara musu ɗakuna, da shago a gaba, da madafa a baya. Abin da ya gaza a Zango shi ne abin da mutum ɗaya ba zai iya yi shi kaɗai ba, wato magudanar ruwa da masai da titi, kuma wannan aikin hukuma ne. Ambaliyar da ke addabar Aboabo ba laifin magini ba ne.

Akwai kuma dalilin da ya fi ciniki zurfi. Ƙasar Kumasi ta sarakunan Asante ce, baƙo haya yake karɓa, kuma tarihi ya koya masa taka-tsantsan. A 1957 gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba, jigo a Zangon Kumasi, daga ƙasar. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su fice, mutane da yawa suka sayar da abin hannunsu a wulaƙance. Wanda ya ga haka ba ya cin bashin banki don gini, ko da bankin zai ba shi. Yakan zuba adashi, in ya kwasa ya sayi siminti, ya buga bulo ya ajiye, domin kuɗin sidi na iya zubewa amma bulo yana nan. Gini a hankali shi ne asusun ajiyar talakan Zango, kuma ya tsallake hauhawar farashin da ta cinye ajiyar masu takardar banki a ƙarshen shekarun 1970.

To, ga wuta. Dam ɗin Akosombo da aka kammala a 1965 ya sa Gana ta saba da lantarki mai araha, amma fari ya sha tona asirinsa, a 1983 da 1998 da 2007, kafin yawan ɗauke wutar da ake kira dumso, na 2012 zuwa 2016, ya durƙusar da teloli da masu sayar da ƙanƙara. An yi dokar makamashi mai sabuntuwa a 2011, a 2016 kuma Hukumar Makamashi ta fito da shirin ba masu gida faifan sola har na wat 500, bisa sharaɗin su sayi batir da inbata da kansu. Shirin ya ɗauka cewa gida na mutum ɗaya ne mai dunƙulallen kuɗi. A Zango kuwa gida ɗaya yakan ɗauki iyalai da yawa, kowa da ɗakinsa, sau tari ana rigima kan mita guda, ana ƙirga ƙwan fitila da fankar kowa a raba kuɗin wata.

Sola ta dace da ginin ɗaki-ɗaki domin ita ma tana ƙaruwa kaɗan-kaɗan. Faifai mai wat 100 a yanayin Kumasi yakan tara abin da zai riƙe ƙwai uku na LED da cajin waya da fanka ƙarama na wasu awanni. In hali ya samu a ƙara na biyu, muddin tun farko an sayi na'urar daidaita caji mai ɗan girma da waya mai kauri, kamar yadda magini ke barin rodi don benen da bai zo ba tukuna. Abin da ke kashe batir shi ne duk na'urar da ke yin zafi: dutsen guga yana jan wat dubu, hita ta ruwa ta fi haka. Ruwan wankan asuba a hunturu gara a bar wa kurfoti ko gas, ko baƙin tanki da rana ke gasawa. Masu cewa Kumasi garin hadari ne suna da gaskiya, ranarta ba ta kai ta Navrongo ba, inda aka kafa tashar sola a 2013, kuma Yuli da Agusta sukan yi lumshi. Maganinsa shi ne a yi lissafi da watan da ya fi duhu, a fuskantar da faifan kudu da ɗan karkata yadda ruwan sama zai wanke shi, a riƙa goge ƙurar hunturu.

Babban cikas yana kan rufi. Gidan Zango ba a cika sayar da shi ba. In mai gida ya rasu, magada kan raba ɗakuna, wannan biyu, waccan ɗaya, wasu su zauna, wasu su zuba 'yan haya daga Accra ko Kano. An raba ɗakuna amma kwano ɗaya ne, kuma abin da yake na kowa ba mai gyara shi. Ɗan hayar da ya biya kuɗin shekara biyu gaba ɗaya, alhali dokar haya ta 1963 wata shida ta yarda, ba zai huda kwanon wani ya kafa abin da ba shi da tabbacin cirewa ba, kuma katakon da gara ta ci ba ya ɗaukar nauyin ƙarfe. Nan ne ya kamata Asusun Raya Zango da aka kafa da dokar 2017 ya sa hannu, tare da limamai da sarakunan Zango waɗanda dama su ke zama kan rabon gado: a riƙa rubuta yarjejeniyar rufi a ranar da ake raba ɗakuna, a fayyace wa zai canza kwano da katako, kowane ɗaki ya san rabonsa na sama, ɗan haya kuma ya sami takardar da ta ce faifansa da batirinsa nasa ne ranar da zai tashi.