Tarihin Zariya Bai Ƙare a Ƙofar Doka Ba

Duk baƙon da ya sauka Zariya da niyyar buɗe ido, hanya ɗaya ake bi da shi. A shigar da shi birni ta Ƙofar Doka, a nuna masa abin da ya rage na ganuwa, a tsaya da shi a ƙofar fada ya more kallon zanen bangonta, sannan a ba shi labarin Sarauniya Amina. In ya taki sa'a ya zo da Sallah, ya ga Hawan Bariki da Hawan Daushe, ya koma gida kunnensa cike da amon kakaki da algaita. Ni haifaffen Tudun Wada ne, unguwar da motar baƙon nan takan ratsa ba ta ko rage gudu ba. Abin da nake son kafa hujja a kansa shi ne, rabin tarihin da ya kai sunan Zariya nesa a bayan ganuwa aka yi shi, kuma wannan rabin ne ya fi kusa da salwanta.

Sai dai kafin in fita waje, dole in ba birni haƙƙinsa. Zazzau tana cikin Hausa Bakwai, kuma sarautarta ta zauna a Turunku da gindin dutsen Kufena kafin ta tare inda take a yau. Amina ba tatsuniya ba ce kawai, domin Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya kawo labarinta a Infaƙul Maisuri. A farkon ƙarni na 19 Malam Musa ya zo da tutar jihadi, Sarki Makau ya yi kudu, ƙaninsa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda yau ake kira Suleja. Tun daga nan sarauta take zagayawa tsakanin Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa.

Abin da ya fi komai daraja a cikin birnin, a ganina, shi ne Masallacin Juma'a, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu, cikin shekarun 1830. Da tubali da azarar giginya ya yi aikinsa. Ya tayar da ginshiƙai masu kauri, ya lanƙwaso bakan gizo daga wannan zuwa wancan har suka haɗe a sama suka ɗauki nauyin rufi, ya kuma bi jikinsu da zane mai zurfi. Ana ba da labari cewa da ya gina wani masallacin a Birnin Gwari, sai aka kashe shi don kada ya sake yi wa wani sarki irinsa. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, ya nuna matsayin da mutanen da suka ba gwaninta. Amma a shekarun 1970, da aka tashi faɗaɗa masallacin, sai aka lulluɓe tsohon ɗakin salla da sabon ginin siminti, sassan da ke kewaye da shi kuma suka tafi. Allah ya sa wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya riga ya auna shi ciki da bai, aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Ke nan mai son ganin cikakkiyar surar masallacin Zariya sai ya yi guzuri zuwa Jos. Idan haka ta faru da abin da kowa ya yarda tarihi ne, ina ga abin da ba a ma fara kira tarihi ba?

To, mu fita ta Ƙofar Doka. Turawa sun kama Zariya a 1902, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911. Sai suka raba mazauna kashi-kashi: birni na Zage-zagi, Sabon Gari a ƙetaren Kubanni na ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga kudu, Tudun Wada kuwa a tsakani, don 'yan Arewa waɗanda ba 'yan asalin birnin ba. Manufar ita ce a raba mutane. Abin da ya biyo baya shi ne unguwar ta zama mahaɗa, inda Bakatsine da Banufe da Babarbare suke salla a sahu ɗaya, malamin zaure da akawun gwamnati suke sayen cefane a rumfa ɗaya.

A irin wannan ƙasa ce adabin Hausa na boko ya yi saiwa. Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ita ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A Zariya Imam ya zauna a 1936 ya rubuta Magana Jari Ce, kuma shi ne editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a watan Janairu na 1939. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, aka gina masa ofisoshi da maɗaba'a a gefen Tudun Wada, har titin da unguwar suka ari sunansa. A shekarun 1950 hukumar NORLA ta buga littattafan Yaƙi da Jahilci da jaridun larduna, irin su Bazazzaga da Sodangi da Himma da Zaruma. A 1966 kamfanin NNPC ya ɗora daga nan. Waƙoƙin Mu'azu Haɗeja da na Sa'adu Zungur da Imfirajin Aliyu Namangi, duk ta wannan ƙofa suka shiga hannun ɗalibai. Da wuya a samu mai karanta Hausar boko, daga Maraɗi har zangon Kumasi, wanda bai taɓa riƙe takardar da ta fito daga wannan harabar ba. Amma baƙi nawa ake kai wa can?

Ba Gaskiya kaɗai ba ce. A kan titin nan Kwalejin Barewa take, wadda aka fara a Katsina, ta koma Kaduna a 1938, ta tare a Zariya a 1949. Yakubu Gowon da Murtala Muhammed duk sun zauna a azuzuwanta. A Kongo akwai Cibiyar Koyon Aikin Mulki, inda aka horar da ma'aikatan En'e da alƙalan da suka riƙe Arewa bayan tafiyar Turawa. Gaba kaɗan, a Wusasa, akwai majami'ar da aka gina da ƙasa a 1929 bisa salon magina Hausawa, bayan mishan ɗin Dokta Miller ya tashi daga cikin birni. Daga wannan al'umma Dokta Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, wanda taron da ya jagoranta a Zariya a 1948 yana cikin tushen Jam'iyyar Mutanen Arewa. Duk wannan a cikin tafiyar da mai keke zai gama kafin azahar.

Abin da zai iya samun mu ya riga ya sami wasu. Birnin Niyu Olins, a jihar Luwiziyana ta kudancin ƙasar Amurka, Faransawa ne suka kafa shi a 1718 a bakin kogin Misisifi, kuma yau da baƙi yake ci. Tun 1936 aka yi dokar kafa hukumar da ke kare tsohuwar Unguwar Faransawa, ta yadda mai gida ba shi da ikon sauya fuskar gininsa sai da izini. Amma a bayan titin da ya bi sawun tsohuwar ganuwar garin akwai unguwar Tireme, ta baƙar fata, da Dandalin Kwango inda bayi 'yan Afirka suke taruwa ranar Lahadi su yi kiɗa da rawa. Daga irin waɗannan unguwanni kiɗan jaz ya tsiro, wanda shi ne yake jawo baƙin. Duk da haka a 1966 aka fara ɗora babbar hanyar sama a kan titin kasuwancin Tireme, aka sare itatuwansa, kasuwar ta mutu, alhali a 1969 aka soke irin wannan hanya da aka so bi da ita ta gefen Unguwar Faransawa. An tsare cikin ganuwa, an sallama bayanta. Sai da aski ya wuce gaban goshi aka gane asarar.

Wani zai ce garin da ke fama da ƙarancin ruwan sha ina shi ina zancen tsofaffin gine-gine. Maganarsa tana da nauyi, sai dai abin da nake nema bai kai kuɗin gada ɗaya ba. A sa harabar Gaskiya cikin jerin wuraren da doka ta kare. A ware ɗaki guda a ajiye tsofaffin injinan ɗab'i da bugun farko na littattafan nan da kofen jaridun. Ɗaliban Hausa da na tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello su bi dattawan da suka yi aikin jera baƙaƙe da ɗinkin littafi su naɗi muryoyinsu, domin kowace damina tana tafiya da bango, kowace shekara tana tafiya da tsoho. A kuma koya wa samarin unguwa yadda za su ɗauki baƙo daga fada zuwa masallaci, su fito da shi ta Ƙofar Doka zuwa Gaskiya da Barewa da Wusasa, su samu na cefane da ilimin garinsu.

Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Masallacin Babban Gwani ya samu wanda ya auna shi kafin a taɓa shi, shi ya sa muke da inda za mu je mu gani. Gine-ginen bayan ganuwa suna nan tsaye har yanzu, wasu daga cikin waɗanda suka yi aiki a cikinsu kuma suna raye. Aunawa da naɗar labarinsu aiki ne na mutanen wannan zamani, domin na bayanmu ba za su tarar da wanda za su tambaya ba.