Darasin Tushen Zane

Darasin tushen zane shi ne darasin farko da ake koya wa ɗaliban fasahar zane a manyan makarantu, inda ake aiki a kan shafi mai tsawo da faɗi kawai, babu kauri. Ɗalibi yana farawa da ɗigo da layi, sannan siffa, haske da duhu, kafin a bar shi ya taɓa launi. Malami zai ba shi baƙar takarda da almakashi, ya ce ya yanka ya manna a kan fara, har idonsa ya gane cewa farin da ya rage shi ma siffa ne.

Tsarin ya samo asali daga makarantar Bauhaus da aka buɗe a Weimar ta ƙasar Jamus a 1919, inda Johannes Itten ya jagoranci darasin share fage. A arewacin Najeriya, Zariya ce cibiyarsa. A can ne ɗalibai irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyar masu zane a 1958, suna neman a haɗa dabarun Turawa da zanen gida.

Sun yi gaskiya, domin dagin Arewa da aska takwas ta babbar riga da zanen bangon gidajen Zariya duk maimaici ne da daidaito, abin da darasin ke koyarwa. A kudancin birnin Kaduna kuwa, masaƙun Kakuri, waɗanda ta farkonsu ta fara aiki a 1957, a da sun dogara da masu wannan ilimi wajen tsara zanen atamfa.