Binciken kiwon kifi a kudancin Jihar Katsina

Binciken kiwon kifi a kudancin Jihar Katsina aiki ne da malamai da ɗaliban jami'o'i suke yi a kan kifin madatsun ruwa da kifin da ake kiwo a gida, a yankin noman da ya taso daga Funtua ya bi ta Malumfashi har Musawa. Yawancin kogunan yankin suna ƙafewa da rani, don haka kifinsa yana fitowa ne daga madatsun da gwamnati ta gina, sai kuma daga masu kiwo a kwarmin siminti ko na tamfol.

Jami'o'i

Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a shekarar 2011, tana da sashe na musamman da ke nazarin kifi da kiwonsa, kuma ba ta da nisa da Musawa. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta Katsina da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya su ma suna irin wannan bincike. A matakin ƙasa akwai cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa a Jihar Neja.

Kifin madatsun ruwa

Madatsar Zobe da ke Ƙaramar Hukumar Dutsin-Ma, wadda aka kammala a 1983 a kan kogin Karaduwa, ita ce babban filin aikin masu bincike. Ana kuma nazarin ruwan Mairuwa da na Gwaigwaye a wajen Funtua. Masu binciken sukan auna tsawo da nauyin kifin da masunta suka kamo, musamman karfasa da tarwaɗa, su duba cikinsa don sanin abin da yake ci da lokacin da yake ƙwai. Idan kifin da ake kamowa yana ta ƙanƙancewa shekara bayan shekara, alama ce ana kwashe shi tun bai hayayyafa ba. Dokar kamun kifin cikin ƙasa ta 1992 ta hana amfani da guba da abubuwan fashewa, ta kuma hana raga mai ido ƙasa da milimita 76, amma a bakin ruwa sarkin ruwa ya fi takarda ƙarfi. Ana kuma gwada ruwan, saboda takin zamani da maganin feshi na gonakin da ke kewaye suna gangarowa cikinsa da damina.

Abincin kifi

A nan ne binciken ya fi taɓa aljihun mai kiwo. Abinci shi ke cinye kusan kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin kiwon tarwaɗa, kuma mafi tsadar abin da ke cikinsa shi ne garin kifi, wanda akasari daga waje ake shigo da shi. Tarwaɗa mai tasowa tana buƙatar abincin da kusan kashi 40 cikin ɗarinsa furotin ne. Tambayar ita ce: nawa daga cikin garin kifin za a iya maye gurbinsa da abin da ake nomawa a gida ba tare da girman kifin ya ragu ba?

Yankin Funtua da Malumfashi yana noma waken suya da masara da dawa da auduga, wato kayan haɗin suna nan a kasuwannin hatsi. Sai dai kowanne da matsalarsa. Ɗanyen waken suya yana ɗauke da sinadarin da ke hana kifi narkar da furotin, sai an soya shi ko an dafa. Angurya tana da wani sinadari mai suna gosifol, mai cutarwa idan ya yi yawa. Garin ganyen zogale, da ɗalibai suke yawan gwadawa, yana amfani ne idan kaɗan aka zuba. Yadda ake gwajin ba shi da wuya: a raba 'ya'yan kifi a kwantena daban-daban, a ba kowane rukuni haɗinsa na wasu makonni, sannan a kwatanta nauyin da suka ƙara da abincin da suka ci.

Ƙyanƙyasa da ruwa

Tarwaɗa ba ta sakin ƙwai da kanta a kwarmi. Ana yi wa macen allura, a matse ƙwan, a haɗa da maniyyin namiji, su ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi idan ruwan yana da ɗumi. Da hunturu ruwan yana yin sanyi, ƙyanƙyasa ta yi jinkiri, 'ya'yan su mutu da yawa. Waɗanda suka fi saurin girma kuma suna cinye ƙanana, shi ya sa ake tankaɗe su ana rabawa.

Tarwaɗa tana iya shaƙar iska daga sama, abin da ya sa take jure ƙarancin ruwa fiye da karfasa. Ruwan da aka sauya daga kwarmi yana da taki a cikinsa, kuma masana suna ba da shawarar a kai shi lambu maimakon a sake shi a kwata.

Ƙalubale

Sakamako mai yawa yana tsayawa a kundin digiri da mujallun Turanci, bai isa ga masunci ko mai kiwo da Hausa ba. Matsalar tsaro a ƙananan hukumomin yankin, har da Musawa, ta kuma sa zuwa wasu ƙauyukan bakin ruwa ɗaukar samfur ya yi wuya.