Sinadarin da ke kashe ƙwayoyin halitta na taimaka musu tafiya

Kowace rana dubban miliyoyin ƙwayoyin halitta ne ke mutuwa a jikin ɗan Adam bisa wani tsari na musamman.

Wannan tsari ne ke raba yatsun jariri tun yana ciki, shi ne kuma ke kawar da ƙwayoyin da suka lalace kafin su rikiɗe su zama ciwon daji.

Masu aiwatar da kisan wasu sinadarai ne da ake kira kasfes, waɗanda ke yayyanka furotin ɗin da ke cikin ƙwayar tamkar almakashi.

A 2002 aka bai wa Sydney Brenner da John Sulston da Robert Horvitz lambar yabo ta Nobel, saboda binciken da suka yi kan tsarin a jikin wata 'yar tsutsa, wadda ƙwayoyinta 131 cikin 1,090 ke mutuwa ta haka.

Aiki na biyu

Daga bisani masana sun gano cewa ba kisa ne kaɗai aikin sinadaran ba.

Ƙwayar halitta kan yi rarrafe ne ta hanyar miƙa gabanta, ta kama wuri, sannan ta saki bayanta. Da haka rauni ke warkewa, da haka kuma ƙwayoyin garkuwar jiki ke isa inda cuta take.

A 2007 masu bincike a Jami'ar Harvard ta Amurka sun nuna cewa ƙwayoyin garkuwar jikin ɓerayen da ba su da kasfes-11 ba sa iya tafiya yadda ya kamata.

Sinadarin na taimakawa wajen warware zaren aktin, wanda shi ne ƙashin ƙwayar, ba tare da ya yanka komai ba.

Shi kuwa kasfes-8, idan wani furotin mai suna Src ya liƙa masa fosfet, sai ƙarfinsa na kisa ya ragu, ya koma taimaka wa ƙwayar wajen kamawa da sakin wuri.

Ciwon daji

Akasarin waɗanda ciwon daji ke hallakawa na mutuwa ne bayan ya bazu zuwa wasu sassan jiki.

Magunguna da dama na aiki ne ta hanyar tayar da kasfes, don haka ake nazarin abin da kan faru da ƙwayar da ta tsira.

Sai dai lamarin ya danganta da irin ciwon: wani bincike na 2006 kan dajin jijiyoyi da ke kama ƙananan yara ya nuna cewa rashin kasfes-8 ne ke sauƙaƙa masa bazuwa.