Makarantar Tudu da Yaron Ruwa: Nazarin Ilimin Yaran Tsibiran Tafkin Chadi

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi halin karatun yaran da ke zaune a tsibiran Tafkin Chadi, musamman 'ya'yan Buduma da na masuntan da suka zo ci-rani suka zauna tare da su. An saba jingina ƙarancin shigarsu makarantar boko ga riƙo da al'ada. Maƙalar ta auna wannan ra'ayi da yanayin tafkin, da tsarin shekarar karatu, da manufofin ilimi na ƙasashen da suka kewaye shi, ta nuna cewa makarantar da aka kai wa waɗannan yara an ɗinka ta ne daidai jikin mutumin tudu.

Gabatarwa

A shekarar 1963 faɗin Tafkin Chadi ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya janye mafi yawan ruwan, ya raba tafkin gida biyu, kudu da arewa, ya kuma fito da sababbin tsibirai da fadamu. Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru sun kafa Hukumar Tafkin Chadi a 1964 domin kula da ruwan, amma ilimin yaran cikin tafkin ya zauna a hannun kowace ƙasa ita kaɗai, kowace da harshenta da manhajarta.

Tsofaffin mazauna tsibiran su ne Buduma, waɗanda ke kiran kansu Yedina. Harshensu ɗan gidan harsunan Chadi ne, wato dangin Hausa na nesa. Sana'arsu su da kiwon shanun Kuri, masu kumburarrun ƙahoni, da ke iyo daga tsibiri zuwa tsibiri neman ciyawa. Daga baya Kanembu da Barebari da Hausawa da Jukunawa da wasu sun cika wurin saboda cinikin banda, wadda ake kaiwa kasuwar Baga, daga nan ta wuce Maiduguri har kudancin Najeriya.

Kalandar ruwa da kalandar makaranta

Kogin Shari da reshensa Logon su ke kawo mafi yawan ruwan tafkin, kuma ambaliyarsu ba ta isowa sai damina ta wuce. Saboda haka tafkin yakan cika ne wajen ƙarshen shekara zuwa farkon sabuwa. Gab da wannan lokaci ake buɗe makarantu: Satumba a Najeriya, Oktoba a Nijar da Chadi. Zangon farko, wanda a cikinsa yaro ke koyon baƙi da wasali, ya faɗo a watannin da hanyar ƙafa ke nutsewa, iyali kuma suke tashi su bi kifi ko su kai shanu wurin kiwo. Idan ruwa ya ja baya, sai a koma shuka masara da wake a gurbin da ya bari, wani wurin dabam.

Gidan da ke tashi sau biyu ko uku a shekara ba zai iya ajiye yaro a aji ɗaya wata tara ba. Yaron kuma ba zaman banza yake yi ba: yana kwashe ruwa daga kwale-kwale, yana gyaran taru, yana tsare garke, 'yar'uwarsa tana wurin ƙyafe kifi. A can suke koyon gane zurfi daga launin ruwa, da hanyoyin da ke ratsa cikin kainuwa da ciyawa, da inda dorina ke kwana. Wannan ilimi ne na gaske, shi ke ciyar da gida, kuma takaici ne yadda manhaja ba ta ba shi ko shafi ɗaya ba.

Hujjar cewa mutanen tafki ba sa son sabon abu ba ta tsayuwa. Su ne suka ajiye jirgin ciyawa suka ɗauki na katako mai inji, suka sauya tarun zare da na roba, suka riƙe wayar salula domin jin farashin kifi. Yawancin Buduma ma a ƙarni na 20 suka karɓi Musulunci, makarantar allo kuma ta sami gindin zama a cikinsu. Dalilin nasararta a fili yake: allo da tawada da malami duk suna shiga jirgi ɗaya da iyali, ana karatu da asuba da dare, rana ta zama ta aiki. Makarantar boko kuwa tana son gini da benci da awa shida a jere.

Harshe da malami

Yaron Yedina da ke kusa da Bol a Chadi yana tarar da Faransanci ko Larabci a aji. Ɗan baffansa a ɓangaren Najeriya yana tarar da Turanci. Idan iyali suka tsallaka iyakar da ba a ganinta a kan ruwa, karatu ya koma farko. Garin Darak misali ne: a da Najeriya ke gudanar da shi, sai hukuncin Kotun Duniya na 2002 ya tabbatar da shi ga Kamaru, hukumar makaranta da manhaja suka sauya hannu alhali mutanen suna nan inda suke.

Malamin gwamnati da aka turo daga tudu sau da yawa ba ya jin harshen yaran, ba ya kuma daɗewa. A Chadi, giɓin nan malaman al'umma ke cike shi, waɗanda ƙungiyoyin iyaye ke biya daga aljihunsu. Uban da ya sayar da kifi ya biya malami ba za a kira shi maƙiyin boko ba. Najeriya ta kafa Hukumar Ilimin Makiyaya a 1989, aka kuma shigar da 'ya'yan masunta cikin aikinta, da tanadin makarantar tafi-da-gidanka da sassaucin lokacin karatu. Manufar ta dace da tafkin ƙwarai, sai dai hurumin hukumar yana ƙarewa a iyakar Najeriya, iyalan kuwa ba sa tsayawa a nan.

Daga 2015

Rikicin Boko Haram ya juya al'amarin gaba ɗaya. An kai wa Baga hari a Janairun 2015. Bayan harin tsibirin Karamga a watan Afrilu, hukumomin Nijar suka umarci mazauna tsibirai su fito. An kuma hana kamun kifi da cinikinsa a jihar Diffa na tsawon lokaci. Chadi ta kafa dokar ta-ɓaci a yankin tafkin a Nuwamban shekarar. Dubban iyalai suka koma sansanoni, irin su Dar es Salam kusa da Baga Sola a Chadi da Sayam Forage a Nijar.

A nan ne yara da yawa suka fara zama a aji, kuma iyayensu ba su hana ba. Wannan ya isa shaida cewa nisa da tsari su ne shingen tun farko. Amma farashin ya yi tsada: yaron da ya shekara goma a sansani ya iya karatu kaɗan, bai iya tuƙa jirgi ba, bai san shanun ubansa ba. Idan iyalinsa suka koma tsibiri, aji ya tsaya a baya. Idan suka zauna, sana'ar gado ta tafi.

Abin da tafkin ke buƙata shi ne zangon karatu da ke bin hawa da saukar ruwa, da malamai 'yan tsibiran da za su fara koyarwa da harshen Yedina ko Kanembu ko Hausa, da takardar shaidar aji wadda ƙasashen huɗu za su amince da ita, ta yadda yarinyar da ta gama aji uku a Bol za ta shiga aji huɗu a Bosso ta Nijar.