Laburaren Tsari a Gaban Ƙaramin Kanel: Inda Alhaki Yake Sauka a Hurd, MINIX 3 da QNX

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun buƙata guda, wato karanta fayil, tun daga lokacin da manhaja ta nema har bayanan suka iso hannunta, a tsare-tsare uku da aka gina kan ƙaramin kanel: GNU Hurd, MINIX 3 da QNX. An dogara ga lambobin tushen biyun farko, waɗanda ke buɗe ga kowa, da kuma takardun bayani da masu QNX suka wallafa. Nazarin ya nuna cewa saurin aika saƙo, wanda aka fi cece-kuce a kansa, ba shi ne babban abin da ya raba su ba. Abin da ya raba su shi ne wanda aka ɗora wa riƙon bayanan manhaja mai gudana: laburare ko saba.

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin da ya taso daga Kankiya ko Kusada ya shiga sashen kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, zai iya ɗaukar ƙaramin kanel a matsayin tsohon zance: muhawarar da Andrew Tanenbaum da Linus Torvalds suka tafka a 1992, wadda ake ganin Linux ya cinye a kasuwa. Wayoyin Tecno da Infinix da ke aljihun jama'a ma suna ƙarfafa wannan zato, domin Android kan Linux yake zaune, kanel mai dunƙule da ya haɗiye direbobi da tsarin fayil da hanyar sadarwa duka a cikinsa.

Amma ƙaramin kanel bai yi nisa da Kankiya ba. Duk kwamfutar da ke shagon buga takardu ko cibiyar rubuta jarrabawa, muddin furosesanta na Intel ne daga zubi na shida na 2015 zuwa sama, akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa ta daban a allonta da ke gudanar da Intel Management Engine, wanda aka gina kan MINIX 3. A 2017 masu bincike suka bayyana hakan, har Tanenbaum, mai MINIX ɗin, ya rubuta wa kamfanin buɗaɗɗiyar wasiƙa. Mai riƙe da iPhone kuwa, tun daga 5s ta 2013, sashen da ke tsare makullan sirrinsa yana aiki ne da wani nau'in ƙaramin kanel na L4 da Apple ya gyara.

Tambayar maƙalar ita ce: idan aka kwashe tsarin fayil da direbobi da kula da manhajoji daga kanel aka mai da su sabobi masu zaman kansu, ina ma'anar open da read da fork take komawa? Mai rubuta manhaja da yaren C bai canza komai ba, kuma yana sa ran alkawuran POSIX su cika kamar yadda ya saba. Dole wani ya cike giɓin, kuma wanda ya fara cin karo da shi shi ne laburaren C.

2.0 Ma'auni: Yadda Abin Yake a Linux

A Linux aikin laburare a wannan gaɓa kaɗan ne. Ko glibc ne ko Bionic na Android, yana zuba lambar kira da hujjojinta a rajistocin furosesa, ya faɗa kanel da umarni guda, in an dawo da kuskure ya ajiye shi a errno. Teburin fayilolin da aka buɗe, da wurin da karatu ya tsaya, da siginonin da ke jira, duk a kanel suke. Lambar riƙon fayil, kamar 3 ko 4, layi ce kawai a wancan tebur.

3.0 GNU Hurd: Laburaren da Ya Zama Rabin Tsari

An fara aikin Hurd a 1990 a kan Mach, kanel ɗin da aka gina a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka daga 1985. Mach bai san fayil ba, bai san sigina ba, bai san wane ne mai amfani ba. Abin da ya sani shi ne memori, da zaren aiki, da tashoshin saƙo tare da izinin aikawa gare su. Sauran duka an rarraba su: sabar proc tana riƙe da jerin manhajoji, auth tana tabbatar da ko wane ne, exec tana loda sabuwar manhaja, ext2fs tana kula da faifai.

A nan teburin lambobin riƙo yana cikin glibc, a memorin manhajar kanta, kuma kowane layi izinin aika saƙo ne zuwa wata saba. Idan aka kira read, laburare ya duba teburinsa, ya ciro tashar, ya kira io_read. Wannan kuwa ba hannu ne ya rubuta shi ba. Wata manhaja mai suna MIG ce ke samar da shi daga fayil ɗin da ya fayyace sigar saƙon, kuma ita ce ke samar da takwaransa a ɓangaren saba domin bakinsu ya zo ɗaya. Wurin da karatu ya tsaya yana wajen saba, shi ya sa manhajoji biyu da suka gaji fayil guda suke ganin ci gaban juna.

Buɗe fayil ya fi wannan sarƙaƙiya. Laburare yana miƙa sunan hanya ga sabar tushe ta dir_lookup. Idan hanyar ta ratsa yankin wata saba, ta farko na iya dawo masa da sabuwar tasha da ragowar sunan, ta ce ya sake tambaya can, wani lokaci ma sai ya sake gabatar da kansa ta hannun auth. Ma'ana, wani kaso na bin hanya, wanda a Linux aikin kanel ne tsantsa, ya sauka cikin manhaja.

Inda nauyin ya fi bayyana shi ne fork da sigina. Mach zai iya ƙirƙirar sabon aiki ya gadar masa memori, amma izinin tashoshi ba sa bin sa da kansu. Glibc ne ke bi ɗaya bayan ɗaya yana dasa su a jikin ɗan, sannan ya sanar da proc an yi haihuwa. Sigina kuwa, kowace manhaja a Hurd tana da wani zare na musamman da laburare ya tayar, wanda ke zaune yana sauraron saƙo. In sigina ta zo, shi zai dakatar da zaren da aka nufa, ya nemi saba ta katse buƙatar da ke hannunta idan akwai, ya gyara rajistocin zaren domin ya farka a cikin mai karɓar siginar.

Wannan tsari yana da iyaka da ba ta tsallakuwa. Laburare kamar mai rubuta takardar koke ne a bakin kotu: ya san sigar da alƙali ke karɓa, amma mai ƙara ne ya ɗauke shi, ba shi da ikon hukunta kowa, balle wanda ya biya shi. Manhaja na iya lalata teburin laburarenta, ko ta ƙi amfani da shi gaba ɗaya ta aika saƙo kai tsaye. Don haka SIGKILL ba ta bi ta wancan zare. Mai aikawa yana karɓo izinin aikin daga proc ne ya sa Mach ya kashe shi. Duk abin da ya shafi tilastawa dole ya zauna a saba ko a kanel.

4.0 MINIX 3: Siririn Laburare, Sabobi Masu Nauyi

MINIX 3, wanda ya fito a 2005 daga Jami'ar Vrije ta Amstadam, ya bi akasin wannan hanya. Laburarensa, wanda aka ɗauko daga NetBSD tun fitowar 3.2 a 2012, yana cike saƙo mai tsayayyen girma, bayit 64 a fitowar 3.3 ta 2014, ya aika wa sabar VFS ko ta PM, ya tsaya jiran amsa. Shi ke nan. VFS ce ke riƙe da teburin fayiloli, PM ce ke gudanar da fork da sigina tare da haɗin kan sabar memori.

Tunda bayanan fayil ba za su shiga bayit 64 ba, VFS tana rubuta takardar izini da ta ba sabar faifai damar zuba bayanai a wani yanki ƙayyadadde na memorin mai nema, kanel kuma ya duba izinin kafin ya kwafa. In bayanan suna ajiye a kusa, saƙonni huɗu ne aƙalla: manhaja zuwa VFS, VFS zuwa sabar faifai, da dawowarsu. In sai an je faifai, direba ya ƙara biyu.

Ribar wannan ita ce farfaɗowa. Akwai saba ta musamman, RS, da ke lura da direbobi. Wanda ya faɗi ta tayar da sabo a gurbinsa, kuma a lokuta da dama manhajar da ke karatu ba za ta san an yi ba, saboda laburarenta bai riƙe komai game da wancan direba ba. Hasararsa kuwa ita ce VFS ta zama mashiga guda da kowa ke bi, kuma faɗuwarta ba ƙaramin al'amari ba ne.

5.0 QNX: Tsaka-tsaki

QNX, wanda aka fara a Kanada a farkon shekarun 1980 kuma ya koma hannun masu BlackBerry a 2010, yana cikin motoci fiye da miliyan 200 a ƙididdigar kamfanin. Dabararsa ita ce lambar riƙon fayil ita ce lambar haɗin saƙo da kanel ya sani. Lokacin open, laburare ya tambayi procnto, mai kula da manhajoji, wace saba ce ke da wannan hanya, ya ƙulla haɗi da ita. Daga nan read saƙo ɗaya ne ta MsgSend, amsa kuma ta sauka kai tsaye a memorin mai nema, babu ɗan tsakiya. Zaren saba yana aron matsayin fifikon wanda ya aiko, domin kada aikin gaggawa ya maƙale a bayan na banza. A ganin mai wannan nazari, cikin ukun nan QNX ne ya fi dacewa da rabon: laburare na fassara, kanel na riƙe da haɗi, saba na riƙe da halin fayil.

6.0 Tattaunawa

Batun tsadar aika saƙo ba ƙarya ba ne, amma ya tsufa. Liedtke (1993) ya nuna cewa a kan furosesa 486 za a iya aika gajeren saƙo cikin kimanin maikurosakan 5, alhali Mach yana cin fiye da 100. Härtig da abokan aikinsa (1997) suka ɗora Linux kan L4 suka tarar da ragin gudu na kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari a manhajojin yau da kullum. Ke nan laifin na Mach ne, ba na ra'ayin ba.

Abin da ba a cika kula da shi ba shi ne yawan saƙonni, kuma wannan a hannun laburare yake. Fayil mai bayit 1,048,576 da aka karanta bayit-bayit ta read zai jawo buƙatu 1,048,576. Ta fread da ma'ajin wucin gadi na bayit 4,096, buƙatu 256 ne. A Linux ma haka lissafin yake, sai dai a MINIX kowace buƙata sai an ninka ta huɗu. Haka select da poll: a Hurd laburare ne ke aika tambaya ga kowace saba ya zauna jiran wadda za ta fara amsawa.

Sababbin tsare-tsare sun ɗauki darasi ta wata fuska, suka rage alkawarin POSIX ɗin kansa. Fuchsia na Google, wanda ya fara shiga na'urar Nest Hub a 2021, yana da laburaren C da ya samo asali daga musl, da wani laburare, fdio, mai kwaikwayon lambobin riƙo a kan tashoshin saƙo, amma ya ƙi samar da fork sam. Shi kuwa seL4, wanda aka tabbatar da ingancinsa ta hujjar lissafi a Ostareliya a 2009 yana da layukan C kusan 8,700, bai yi alkawarin POSIX ba tun farko. A lura kuma: hujjar ta tsaya ne a bakin kanel. Laburare da sabobin da aka ɗora a sama ba su shiga ciki ba, ga shi kuma can ne ma'anar fayil da sigina ta koma. Wanda ya ce tsarinsa amintacce ne don kanel ɗinsa ƙarami ne, sai a tambaye shi girman laburarensa da abin da ya damƙa masa.

Hukuncin wannan nazari shi ne Hurd ya ɗora wa glibc fiye da kima. 'Yancin da ya bayar na gaske ne, domin mai amfani na iya dasa tasa sabar a kan kowane fayil nasa ba tare da izinin shugaban tsari ba. Amma duk wanda zai kawo wani laburare ko wani yare da ba ya bi ta glibc, sai ya sake gina fork da sigina da bin hanya daga tushe, abin da a Linux da MINIX bai taso ba.

7.0 Shawara ga Masu Koyarwa

Wannan darasi ba ya buƙatar ɗakin gwaji mai tsada. MINIX 3 da Debian GNU/Hurd duka kyauta ne, kuma suna tashi a cikin QEMU ko VirtualBox a kan kwamfutar gwanjo irin wadda ɗalibi zai iya mallaka; in an sauke su sau ɗaya a filashi, ba a sake neman data. Muna kira ga malaman wannan fanni a Dutsin-Ma da Katsina, har da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman, su ba ɗalibai aikin bin read daga laburare zuwa saba a tsarin biyu, su ƙirga saƙonnin da hannunsu, sannan kowa ya rubuta inda ya tarar da teburin fayiloli da dalilin da ya sa aka ajiye shi a can.